ATP: Kuɗin Cefanen Ƙwayar Halitta

Duk mahauci ya san cewa idan aka yanka rago aka rataye naman, bayan 'yan sa'o'i sai ya sandare, gaɓoɓinsa su ƙi lanƙwasuwa, sai an kwana ɗaya ko biyu kafin ya sake yin laushi. Haka gawar ɗan Adam ma take yi. Mai tunani zai ce ai ɗaure tsoka shi ne ke bukatar ƙarfi, sakinta kuwa hutu ne. To, ta yaya naman da rai ya bari zai ɗaure tamau, alhali ba shi da sauran ƙarfi? Amsar tana tattare da wani sinadari da masana ke taƙaita sunansa da haruffa uku, watau ATP. Ɗalibin da ya gane aikin wannan sinadari ya gane rabin darasin numfashi, kuma zai fahimci dalilin da ya sa ɗanyen rogo mai ɗaci ke kisa, da dalilin da ya sa ruwan gishiri da sukari ke ceto yaro mai gudawa.

Wutar da ba ta da harshe

A lokacin hunturun 1782 zuwa 1783, wasu masana biyu a Faransa, Antoine Lavoisier da Pierre-Simon Laplace, sun sa ɓeran Masar cikin wani mazubi da aka kewaye da ƙanƙara. Zafin jikin dabbar ya riƙa narkar da ƙanƙarar, su kuma suna tara ruwan suna aunawa. Suka kuma auna yawan iskar kabon dayoksaid da irin wannan dabba take fitarwa. Daga nan suka ƙona gawayi, suka lissafa zafin da yake bayarwa idan ya fitar da daidai wannan adadin iska. Lissafin biyu suka zo kusa da juna ƙwarai. Lavoisier ya yanke hukunci cewa numfashi wani nau'in ƙuna ne da ke gudana a hankali. Ya yi daidai a wannan, sai dai ya zaci a cikin huhu wutar take ci. Sai daga baya aka tabbatar cewa huhu ƙofa ce kawai, ainihin aikin kuwa a cikin ƙwayoyin halitta na dukan jiki yake gudana.

Ana rubuta taƙaitaccen lissafin kamar haka:

C6H12O6 + 6O2 → 6CO2 + 6H2O + kuzari

Ma'ana, sukarin gulukos yana haɗuwa da iskar oksijin, a sami kabon dayoksaid da ruwa, kuzari kuma ya fito. Giram 180 na gulukos yana ba da kimanin kilokalori 686, ko a murhu aka ƙona shi ko a cikin jiki. Bambancin yana ga hanya. A murhu, kuzarin duka yana fita lokaci guda a matsayin zafi da haske. Da haka ƙwayar halitta take yi, da ta dafe kanta. Maimakon haka sai ta riƙa warware sukarin daki-daki, a matakai fiye da ashirin, kowane mataki da sinadarin da ke hanzarta shi, wanda ake kira enzayim, tana tsintar kuzarin kaɗan-kaɗan tana ƙulle shi cikin ATP.

Mene ne ATP?

Cikakken sunan shi ne adinosin tarayifosfet. Karl Lohmann ya tsamo shi daga tsoka a Jamus a 1929, a shekarar da Cyrus Fiske da Yellapragada Subbarow su ma suka gano shi a Amurka. A 1941 Fritz Lipmann ya bayyana cewa shi ne dillalin kuzari na ƙwayar halitta baki ɗaya. Ginin sa bai da wuya: akwai wani sashe da ake kira adinin, da wani ɗan sukari mai suna ribos, sai kuma ƙullin fosfet guda uku a jere kamar wutsiya. Idan aka cire fosfet na ƙarshe, sai ya koma ADP, watau mai fosfet biyu, kuzari kuma ya samu. Idan aka mayar da fosfet ɗin, wanda sai an kashe kuzari, sai ya koma ATP. Rayuwar ƙwayar halitta duka a kan wannan kai da komowa take.

Me ya sa ba za a yi amfani da gulukos kai tsaye ba? Mai saniya attajiri ne, amma ba ya zuwa wurin mai ƙosai da saniyarsa. Sai ya kai ta kara ya sayar, ya sami kuɗi, ya yi canji, sannan ya yi cefane. Ƙwayar gulukos guda ta fi ƙarfin yawancin ƙananan ayyukan ƙwayar halitta, ATP kuwa daidai da su yake, kuma kowane sashe na ƙwayar yana karɓar sa. Wannan kuɗi ɗaya ne a jikin mutum, da kuka, da ƙwaro, da ƙwayar bakteriya. Ba a san wani mai rai da ba ya amfani da shi ba.

A nan akwai wani kuskure da ya yaɗu a azuzuwa, wanda ya kamata malamai su kula da shi. Sau da yawa akan ce kuzarin yana ɓoye cikin igiyar da ta ɗaure fosfet na ƙarshe, da an tsinka ta sai ya fito. Malamin kemistare ba zai yarda da wannan ba, domin tsinka kowace igiyar sinadari cin kuzari take yi. Abin da ke faruwa shi ne, fosfet ukun nan duk suna ɗauke da caji iri ɗaya, suna ture juna, zamansu tare na dole ne. Idan ruwa ya shiga tsakani aka raba su, sababbin igiyoyin da suka ƙullu sun fi na dā kwanciya, rarar da ke tsakanin yanayi na farko da na biyu ita ce kuzarin da ake samu. Haka nan, ba a sakin kuzarin a iska. Galibi akan liƙa fosfet ɗin ne a jikin wani furotin, ko furotin ɗin ya riƙe ATP ɗin, sai siffarsa ta canja, ya lanƙwasa, ko ya buɗe, ko ya ja wani abu. Wannan canjin siffa shi ne aikin.

Abin mamaki shi ne ƙarancin ATP ɗin da ke jiki a kowane lokaci. Masana na kimanta shi da abin da bai wuce giram 50 zuwa 100 ba. Amma a yini da dare, baligi yana sarrafa ATP da nauyinsa ya kusa nauyin jikinsa duka. Ba wani sihiri ba ne: ƙwaya guda ce ake cikawa a sauke, a sake cikawa, ɗaruruwan lokuta, har fiye da sau dubu a rana. Saboda haka ATP ba ajiya ba ne. Kuɗin hannu ne da ba ya kwana a aljihu. Ajiya kam, wani wurin ake yin ta.

Rumbunan jiki

Gulukos ɗin da ke yawo cikin jinin baligi baki ɗaya bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, watau cikin ƙaramin cokalin shayi. Wannan ba zai kai mutum ko'ina ba. Don haka bayan an ci tuwo, sitacin ya narke ya koma gulukos ya shiga jini, sinadarin insulin yakan umarci hanta da tsoka su kwashe rarar. Sukan sarƙa dubban ƙwayoyin gulukos wuri guda su zama gilaikojin, wanda shi ne sitacin dabba. Hantar baligi tana ajiye kimanin giram 100, tsokoki kuwa kimanin giram 400. Akwai bambanci tsakanin ajiyar biyu. Tsoka marowaciya ce, abin da ta ajiye na kanta ne, ba ta iya mayar da shi cikin jini. Hanta ita ce ke ciyar da kowa. Mai azumi da ya yi sa'a 13 ko 14 bai sa komai a baki ba, hantarsa ce ke ɗiga wa jininsa gulukos, tana kuma ƙera wani sabo, yayin da tsokoki ke ƙara karkata ga ƙona kitse. Ajiyar hanta ba ta wuce kimanin yini da dare ɗaya idan ba a ci komai ba.

Babban rumbu shi ne kitse. Giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba da kilokalori 4, na kitse kuwa 9. Bugu da ƙari, gilaikojin jiƙaƙƙe ake ajiye shi, kowane giram yana riƙe da ruwa kusan giram uku, alhali kitse ba ya riƙe ruwa sai kaɗan. Ɗalibi na iya yin lissafin da kansa. Gilaikojin giram 500 ya ba da kilokalori 2,000, watau kusan cefanen rana ɗaya. Kitse kilo 10, wanda ko mutumin da ba a kira shi mai ƙiba ba yana iya ɗauke da shi, ya kai kilokalori 90,000, cefanen fiye da wata guda. Da da jiƙaƙƙen gilaikojin za a ajiye wannan adadi, da nauyin ajiyar ya zarce nauyin mutumin. Tozon raƙumi ma kitse ne, ba ruwa ba kamar yadda wasu yara ke zato, shi ya sa yake zubewa gefe idan raƙumi ya daɗe cikin yunwa.

Tsirrai su ne tushen wannan dukiya. Su suke kama hasken rana a ganyensu, su haɗa sukari daga ruwa da kabon dayoksaid. Gero da dawa da doya da rogo suna ajiye shi a matsayin sitaci, gyaɗa da riɗi kuwa a matsayin mai. Ba don ɗan Adam suka yi ajiyar ba, guzurin ɗan tsiro ne da zai ci kafin ya fitar da ganye. Kada kuma ɗalibi ya ɗauka cewa tsiro haɗa abinci kawai yake yi, dabba ce ke numfashi. Tsiro ma yana ƙona sukarinsa dare da rana don ya sami ATP. Hatsin da aka zuba a rumbu bai gama bushewa ba yakan yi zafi, domin ƙwayoyin hatsin da fumfunar da ke kansu duk numfashi suke yi.

Fasa sukari

Matakin farko na warware gulukos ana kiran sa gilaikolisis, ma'ana fasa sukari. Yana gudana a cikin ruwan ƙwayar halitta, kuma ba ya bukatar oksijin. Matakai goma ne. Kamar kowace sana'a, sai an zuba jari: ƙwayar tana kashe ATP biyu ta liƙa wa sukarin fosfet, sannan ta raba shi gida biyu. Daga nan ta karɓi ATP huɗu. Riba biyu ke nan. Gulukos mai kabon shida ya koma ƙwaya biyu na fayirubet, kowace da kabon uku. Ana kuma cire wasu ilaktaron daga sukarin a ɗora wa wani ɗan dako mai suna NAD, wanda in ya ɗauki kaya ake kiran sa NADH.

Hanyar da aka bi aka gano wannan tana da ban sha'awa. A 1897 Eduard Buchner ya niƙa yis da yashi, ya matse ruwansa wanda babu ƙwaya mai rai ko ɗaya a ciki. Don kada ruwan ya lalace sai aka zuba masa sukari mai yawa, kamar yadda ake adana 'ya'yan itace. Ba a jima ba sai ga kumfa na tashi. Ashe enzayim ɗin yis suna iya aikinsu ko babu yis ɗin da rai. 'Yan shekaru bayan haka, Arthur Harden da William Young a Ingila suka lura cewa kumfar takan lafa, amma da an ƙara fosfet sai ta sake tashi. Wannan ne ya fara nuna cewa fosfet na da hannu cikin sha'anin kuzari.

Idan babu oksijin, matsala takan taso. 'Yan dako ba su da yawa, in duk suka ɗauki kaya babu wurin saukewa, aiki ya tsaya. Mafita ita ce a juye kayan a kan fayirubet ɗin kansa. A cikin yis, sakamakon shi ne barasa da kabon dayoksaid. Iskar ce ke kumbura ƙullin burodi da fanke, barasar kuwa zafin gashi da suya ke korar yawancinta. A cikin bakteriyar da ke mai da madara kindirmo, sakamakon shi ne asid laktik, mai ba nono tsaminsa. Tsokar mutum ma wannan hanya ta biyu take bi idan bukatar ATP ta zarce abin da sashen oksijin zai iya bayarwa.

Ɗan tseren mita 100 misali ne mai kyau. ATP ɗin da ke tsokarsa na daƙiƙa biyu ko uku ne. Bayansa akwai wata 'yar ajiyar gaggawa mai suna fosfokiriyatin, wadda ke miƙa fosfet ɗinta ga ADP nan take, ta kai shi kusan daƙiƙa goma. Wanda zai zarce haka da cikakken gudu, gilaikolisis ne zai riƙe shi, laktet na taruwa. An daɗe ana ɗora wa laktet laifin tsamin jiki da ɗan ƙwallo ke tashi da shi washegari. An zalunce shi. Cikin sa'a guda ko makamancin haka jini ya kwashe shi, zuciya ta ƙona wani, hanta ta mayar da wani gulukos. Ciwon washegari daga ƙananan raunuka ne da zaren tsokar ya samu.

Madatsar ruwa a cikin ƙwaya

ATP biyu riba ce ƙarama. Yawancin kuzarin gulukos yana nan cikin fayirubet, kuma a cikin maitokondiriya ake tatsar sa. Wannan wata 'yar jaka ce mai tantani biyu, na waje sumul, na ciki kuwa a nannaɗe kamar rawani, don fili ya ƙaru. Ƙwayar hanta guda tana da su dubu ko fiye. A tsokar zuciya sun cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na cikin ƙwayar. Jajayen ƙwayoyin jini kuwa ba su da ko ɗaya, da gilaikolisis kaɗai suke rayuwa, saboda haka ba sa taɓa oksijin ɗin da aka ba su dako. Maitokondiriya tana da nata DNA, kuma ta wajen uwa ake gadon ta. Tun 1967 Lynn Margulis ta kafa hujja cewa asalinta bakteriya ce da ta zauna cikin wata ƙwaya, ra'ayin da a yau masana suka karɓa.

Da fayirubet ya shiga, sai a cire masa kabon ɗaya, ragowar biyun su shiga wani zagaye na matakai takwas. Kitse ma ta wannan ƙofa yake shiga, bayan an daddatsa shi kabon bibbiyu. Hans Krebs, wanda ya tsere daga Jamus a 1933, shi ya gano zagayen a 1937 a Jami'ar Sheffield, yana gwaji da niƙaƙƙiyar tsokar ƙirjin tattabara. Mujallar Nature ba ta karɓi rahotonsa ba, sai wata mujalla a Holan ta buga. A 1953 ya raba kyautar Nobel da Lipmann. Zagayen da kansa ATP biyu kacal yake bayarwa a kan kowane gulukos. Babban aikinsa shi ne ya tuɓe wa abincin ilaktaron ɗinsa ya loda wa 'yan dako, kabon kuma ya fita a matsayin kabon dayoksaid. Ke nan kabon ɗin da ke cikin iskar da mutum ke fitarwa daga tuwon da ya ci ya fito. Wanda ya rage ƙiba da kilo 10 na kitse, fiye da kilo 8 ta huhunsa ya fita, sauran ya zama ruwa.

'Yan dakon suna sauke ilaktaron ɗin a jikin tantanin ciki, inda wasu manyan furotin suke jere. Ilaktaron yana gangarowa daga wannan zuwa wancan, yana rasa kuzari a kowace gangara, har ya iso ga oksijin, wanda zai karɓe shi ya haɗa da haidurojin ya zama ruwa. Aikin oksijin ke nan a jiki: tsayawa a ƙarshen layi ya karɓi kaya. Iskar da aka shaƙa ruwa take komawa, ba kabon dayoksaid ba.

To, ta yaya gangarowar ilaktaron ke zama ATP? Shekara da shekaru masana suna neman wani sinadari da suke zaton shi ne tsani tsakanin biyun, ba su same shi ba, domin babu shi. A 1961 wani Bature ɗan Ingila, Peter Mitchell, ya kawo wata shawara da yawancin abokan aikinsa suka ƙi karɓa da farko. Ya ce furotin ɗin nan famfo ne. Da kuzarin ilaktaron suke tura furoton, watau zarrar haidurojin mai caji, zuwa ɗaya gefen tantanin, har su taru a can su yi yawa. Wanda ya san madatsar ruwa ta Kainji, da aka kammala a kan kogin Kwara a 1968, zai gane sauran. Ruwa ya taru a bayan bango yana neman hanya, ba a bar masa ko'ina ba sai ta cikin injin da zai juya ya ba da lantarki. Tantanin shi ne bangon, furoton su ne ruwan, injin kuwa wani enzayim ne mai suna ATP sintes. Mitchell ya ci gaba da gwaje-gwajensa a wani tsohon gida da ya gyara a karkarar Cornwall, har hujjoji suka rinjayi masu musu, aka ba shi kyautar Nobel a 1978.

Maganar inji kuwa ba kwatance ba ne kawai. Paul Boyer a Amurka ya ce lallai wani sashe na enzayim ɗin juyawa yake yi. John Walker a Ingila ya fito da siffarsa a 1994. A 1997 wasu masana a Japan suka liƙa masa wani siririn zare mai ƙyalli, suka gan shi da madubin ƙara girma yana juyawa kamar farfela. A wannan shekarar aka ba Boyer da Walker kyautar Nobel. Kowane zagaye guda yana fitar da ATP uku, kuma yana iya yin zagaye fiye da ɗari a daƙiƙa.

Jimillar ribar gulukos guda, bisa ma'aunin da aka yarda da shi yanzu, ita ce ATP 30 zuwa 32. Tsofaffin littattafai da yawa sun rubuta 36 ko 38, domin sun ɗauka kowane NADH yana ba da ATP uku cif, ba su kuma cire kuɗin dakon kaya zuwa cikin maitokondiriya ba. Ya kamata malami ya gaya wa ɗalibai lambobin biyu da dalilin saɓaninsu. Ko wace aka ɗauka, numfashi da oksijin ya ninka ribar gilaikolisis kusan sau goma sha biyar. Duk da haka, wani kaso ne kawai na kuzarin abinci ke shiga ATP, saura zafi yake zama. Ba asara ba ce, shi ke riƙe jiki a digiri 37. Jariri sabon haihuwa, wanda bai iya karkarwar sanyi sosai ba, yana da wani kitse mai launin ƙasa a tsakanin kafaɗunsa, inda da gangan ake buɗe wa furoton wata ɓarauniyar hanya su koma ba tare da sun juya injin ba, kuzarin duka ya zama ɗumi.

Inda kuɗin ke tafiya

A cikin tsoka akwai zare iri biyu, aktin da mayosin. Kawunan mayosin suna kama aktin su ja, su saki, su sake kamawa gaba, kamar masu jan guga hannu bayan hannu. Abin lura shi ne, kan mayosin ba ya sakin aktin sai sabon ATP ya zo ya zauna a kansa. Ga amsar mahauci ke nan. Da rai ya fita, oksijin ya yanke, ATP ya ƙare, kawunan da suka kama ba su da abin da zai sa su saki, sai nama ya sandare. Laushin da ke biyo baya kuwa enzayim ɗin naman ne suka fara cin zaren.

Mutumin da ke kwance ba ya motsi shi ma yana kashe kuzari kusan daidai da tsohon ƙwan lantarki mai wat 80. Wani babban kaso yana tafiya ga wani famfo da ke jikin tantanin ƙwayoyin dabba, wanda Jens Skou na ƙasar Denmark ya gano a 1957. Da kowane ATP guda yana fitar da sodiyam uku, ya shigo da fotasiyam biyu. Da wannan bambanci jijiyoyi ke aika saƙo. Shi ya sa ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta kashi 2 ne cikin 100 na jiki, take cin kusan kashi 20 na kuzarin mai hutawa, kimanin giram 120 na gulukos a rana, alhali ba ta da ajiyar kirki.

Wannan famfo ne kuma ƙashin bayan ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa. A bangon hanji akwai wata ƙofa da ba ta shigar da sodiyam sai tare da gulukos. Famfon yana ta kwashe sodiyam daga cikin ƙwayar zuwa ɓangaren jini, don haka kullum akwai gurbin da na cikin hanji zai shigo, ya jawo gulukos, ruwa kuma ya biyo su. Cutar kwalara ba ta rufe wannan ƙofa. Dalili ke nan da ya sa gishirin da sukarin sai sun haɗu, kuma a kan ma'aunin da ma'aikatan lafiya suka faɗa, domin sukari in ya yi yawa janyo ruwa yake yi zuwa cikin hanji, gudawar ta ƙaru.

Idan aka toshe layin

Rogo, musamman mai ɗaci, yana ɗauke da wani sinadari mai suna linamarin, wanda ke sakin gubar sayanaid idan aka farfasa saiwar. Sayanaid yana zuwa ya maƙale a furotin na ƙarshe a layin ilaktaron, wanda ke miƙa kaya ga oksijin. Layi ya tsaya, famfo ya tsaya, inji ya daina juyawa. Huhu cike da iska, jini cike da oksijin, amma ƙwayoyin ba su iya taɓa shi, ƙwaƙwalwa da zuciya su fara gazawa. Fere rogo, da gurzawa, da jiƙawa na kwanaki, da matsewa, da shanya, da suyar gari, duk hanyoyi ne na barin gubar ta fita kafin a ci. A lokacin fari ko yaƙi ne mutane kan gajarta waɗannan matakai saboda yunwa. Cutar konzo, mai shanye ƙafafu farat ɗaya, wadda aka fara bayyana ta a Kwango a 1938, tana da alaƙa da yawan cin rogo mai ɗaci da bai sarrafu ba, tare da ƙarancin abinci mai gina jiki.

Hayaƙin janareta da na gawayin da aka shiga da shi ɗaki aka rufe ƙofa a lokacin sanyi, ta wata hanyar suke yanke layin. Suna ɗauke da kabon monoksaid, iska marar launi marar wari, wadda ke kama himogulobin na jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 ko fiye. Oksijin ya rasa abin hawa, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kuwa idan suka rasa shi na minti huɗu ko biyar sai su fara mutuwa, mai barci bai farka ba.

Gwaji a aji

Makarantar da ba ta da ɗakin gwaji ma tana iya nuna wannan darasi. A samo kwalabe uku, da balan-balan uku, da busasshen yis na masu burodi, da sukari, da ruwa mai ɗumi wanda hannu ke iya jurewa. A kwalba ta farko a zuba ruwan da yis cokali ɗaya da sukari cokali biyu. A ta biyu a zuba ruwa da yis babu sukari. A ta uku a zuba sukari da yis ɗin da aka riga aka tafasa aka bari ya huce. A rufe bakin kowace da balan-balan, a ajiye wuri mai ɗumi. Kafin sa'a guda ta cika, balan-balan ta farko za ta miƙe, sauran biyun kuwa da wuya su motsa. A bar ɗalibai su faɗi abin da kwalba ta biyu ta rasa, da abin da tafasa ta yi wa enzayim ɗin ta uku.

Gwaji na biyu na Lavoisier ne a ƙaramin sigarsa. A auna ruwa mililita 100 a gwangwanin madara, a ɗauki zafinsa da ma'aunin zafi. A soke ƙwayar busasshiyar gyaɗa da waya, a kunna mata wuta, malami ya riƙe ta ƙarƙashin gwangwanin har ta cinye, sannan a sake auna zafin ruwan. Kowane digiri ɗaya da ruwan ya ƙaru daidai yake da kalori 100, watau kilokalori 0.1. Giram ɗaya na gyaɗa yana ɗauke da kilokalori 5 zuwa 6, amma abin da aji zai samu zai gaza haka da nisa. A tambayi ɗalibai ina sauran ya tafi, sannan a ba su kwali da wani babban gwangwani su yi wa wutar shinge, a sake gwadawa a ga ko lambar za ta ƙaru.